Wankan da Ban Yi wa Inna Ba

Ina shekara goma sha biyar Inna ta koya mini wankan gawa, kuma da filo ta koya mini. Bayan azahar ne, ta tura ƙyauren ɗakinta, ta kwantar da filon a kan tabarma, ta lulluɓe shi da zane, ta ce in ɗauka ita ce. Na ƙyalƙyale da dariya, ta make mini hannu. A yi niyya, a naɗe hannu da ƙyalle, a yi wa mamaci alwala, a wanke dama kafin hagu. A sa ganyen magarya a ruwan farko, a sa kafur a na ƙarshe. A kwance kitso a raba gashin uku. Zane kuwa ba ya barin jiki, ta ƙarƙashinsa hannu ke bi. Sai da na maimaita sau uku babu kuskure, sannan ta kwance zanenta ta nuna mini dalilin wannan karatu.

Fari ne fat, dabbare-dabbare, tun daga ƙasan ƙirjinta har cinyoyi. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, tun bayan haihuwar Yayana ya fito mata. Amma a unguwarmu a Daura, duk farin da ya fito a fata kuturta ake kiransa, kuma tabon ba ya tsayawa a kan mai shi, har jikoki sai ya bi. Ban da mahaifiyarta da mahaifinmu, waɗanda duk sun riga mu gidan gaskiya, babu wanda ya taɓa gani.

"Kin dai san Gwaggonku," in ji ta.

Na san ta kuwa. Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce, ita ke wanke matan unguwa in sun rasu. Ba ta da mugunta, ga ibada, amma bakinta ba ya riƙe komai. Ba za ta taɓa cewa ta ga kaza ba. Sai dai ta zauna a gidan makoki ta yi doguwar ajiyar zuciya, ta girgiza kai, ta ce Allah Ya rufa mana asiri. Kafin sadakar uku, kowa ya san abin da marigayiya ta shekara tana ɓoyewa.

"'Ya mace ɗaya Allah Ya ba ni," Inna ta ce tana mayar da zanenta. "Ke za ki wanke ni, Auta. Ita ta tsaya daga sama ta zuba ruwa, amma hannunki ne zai shiga ƙarƙashin zane. Kin ɗauka?"

Na ce na ɗauka. Da gaske kuma nake, duk da cewa tun a lokacin kalmar nan ta 'ya mace ba ta zauna mini daidai ba.

Ban san yadda zan bayyana wannan ga wanda bai taɓa jin sa ba. Tun da na yi wayo na san ni namiji ne, kamar yadda mutum ya san hannun da yake cin tuwo da shi. Ba sha'awar wando ba ce, ba kuma ƙin daka ba ne, don na fi kowa iya daka a gidanmu. Ranar da ƙirjina ya fara tasowa, kwana biyu na yi ban ci abinci ba. Kalma ɗaya mutanenmu suke da ita, mata-maza, ita ma ba ni take nufi ba, don jikina babu abin da ungozoma za ta yi tantama a kai. Na fake da karatu na guje wa aure, na karanta aikin gwajin jini, na samu aiki a Ikko, inda babu wanda ya san wace ce uwata. A can na yanke gashina, na naɗe ƙirjina, na samu wani likita da ya saurare ni ba tare da ya yi salati ba. Shi ya fara yi mini allurar testostiron, sinadarin da ke sa muryar yaro ta buɗe, gemu ya tsiro.

Wata na uku muryata ta fara fashewa. Al'ada ta ɗauke, ban yi kewarta ba ko na minti ɗaya. Yunwa ta kama ni kamar wanda ya wuni a gona, kafaɗuna suka buɗe, gashi ya fito a damtsena da ƙirjina, haɓata ta fara duhu. Ranar da wani kwandasta ya ce mini "Malam, matsa ciki," wallahi sai da na juya fuska ga taga don kada a ga hawayena. Ban taɓa jin daɗin zama a jikina ba sai a watannin nan. Amma duk ranar Juma'a, in zan kira Inna a waya, sai na sha ruwan ɗumi, na siranta murya, na gajarta hira da cewa layi ba kyau.

Ina cikin wata na goma sha ɗaya da fara allurar Yaya ya kira, ya ce jikin Inna ya rikice, ƙafafunta sun kumbura, idonta ma ya kusa rufewa, kuma ni take ta tambaya.

A banɗakin tasha a Kano na sauya kaya. Na shiga da riga da wando, na fito da zane da doguwar hijabi har ƙasa, da niƙabi, da safar hannu. Alluran ban ɗauko ko ɗaya ba, tsoron kada wani ya buɗe mini jaka. Shekaru ke nan da aka fara shari'a a jiharmu, motar Daura ta ware mata a baya, na cusa kaina cikinsu, gwiwoyina a haɗe. Har muka wuce Kazaure ban ce uffan ba.

Duk wannan shiri da na yi, a bakin zauren gidanmu na yi wauta. Gajiya da ɗoki suka sa na manta, na buɗe baki na yi sallama da muryata ta gaskiya. Nan take na ji tsakar gida ta yi tsit, na ji matar Yaya ta ruga ɗaki neman mayafi. Sai muryar Gwaggo daga ciki: "Wa ke sallama? Maigidan ya fita, a dawo bayan la'asar."

Na tsaya a zauren da na yi rarrafe a cikinsa, an ce in dawo bayan la'asar. Na yi tari na ƙarya har sau uku, na maƙe murya na ce ni ce, Auta ce, mura ce ta shaƙe ni. Gwaggo ta leƙo, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Tabɗi! Wannan mura ta Ikko da ƙarfi take."

Yaya kuwa murna ya yi da ganin niƙabin. Yana cikin 'yan sa-kai na unguwa masu zagaya kasuwa da tasha suna wa'azi, suna kai rahoton abin da suka ga ya saɓa. Ya ce alhamdu lillahi, shi da yake tsoron kurmi ta lalata ni, ashe shiryar da ni ta yi. Yayana mutumin kirki ne, shi ya goya ni ranar da kunama ta harbe ni. Amma na san shi. Da ya gano, zai yi kuka har gemunsa ya jiƙe, sannan ya tashi ya je ya faɗa, yana ganin ceto na yake yi.

Na ce na yi alwashin ba na cire niƙabi ko a cikin gida, saboda almajiran ilimi da ke shigowa wurin Yaya ba zato. Aka ce sannu da ƙoƙari. Kullum da safe sai in shiga makewayi da buta da reza a ɓoye cikin soso, in aske haɓata da lalube, babu madubi. Kafin magariba ta sake yin kaushi. Abinci a ɗakin Inna nake ci, bayana ga ƙofa. Magana kuwa na mai da ita raɗa, ni da aka sani da baki, ni da ba a taɓa faɗa mini ɗaya ban rama da uku ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne salla. Sati shida na yi a gidan, kuma sati shidan nan ban yi fashin ko raka'a ɗaya ba. Ni sam na manta cewa mata na lura da wannan. Gwaggo ba ta manta ba. Wata rana da hantsi ina wanke kwanon Inna a bakin rijiya, ta tsaya a kaina.

"Ke 'yar nan, tunda kika zo ban ga kin yi fashin salla ba."

Na ce nawa ba ya zuwa kan kari.

"Uhm. Ga ci kamar gara, ga jiki ya buɗe, ga hijabi ba a cirewa ko zafi zai kashe mutum. Ba aure, ba mijin aure, ana can kurmi ba mai tsawatarwa." Ta sunkuyo har ina jin warin goro. "Wata nawa ne?"

Kwanon ya suɓuce daga hannuna. Ciki! Ni! Da a wani wuri ne da na yi dariya har na faɗi. Amma a lokacin labarin matan da aka gurfanar gaban alƙali saboda cikin da ba na aure ba bai gushe a bakin mutane ba, kuma kowa ya san hukuncin da ake ambata. In Gwaggo ta kai wa Yaya, za a kira ungozoma ta duba ni. Ba za ta ga ciki ba. Abin da za ta gani kuwa, ban san sunan da za su ba shi ba, ban san iyakar abin da za su yi ba, kuma rashin sanin nan ya fi komai tsinka mini zuciya. Na rantse mata da Allah babu komai. Ta ce, "To, ai rana na zuwa. Ba ke ce mai wanka ba? Da ɗaurin ƙirji ake shiga ɗakin wanka, ba da wannan tanti ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma ni ban taɓa kawo shi a raina ba. Mai wanka tana cire hijabi da riga, ta ɗaura zane a ƙirji saboda ruwa, hannuwa a waje har kafaɗa. Mai zuba ruwa kuma tana tsaye a gabanta, taku ɗaya tsakaninsu. Tun daga ranar, duk numfashin da Inna ta ja da ƙyar sai in ji tsoro biyu, na rasa ta da na abin da zai biyo baya. Na ji kunyar tsoro na biyun, har yau ina ji.

Kwana uku bayan haka, da la'asar sakaliya, ina shafa wa Inna man zafi a ƙafa. Mu biyu ne a ɗakin, na ɗage niƙabin don in sha iska, tunda idonta ba ya gani sai inuwa. Sai ta ce, "Matso nan."

Na matsa. Ta ɗaga hannu, ta lalubo kunnena, ta gangaro kumatu, ta tsaya a haɓa. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa. Ina jin kaushin yana ƙara a tafin hannunta.

"Ranar da kika yi sallama," in ji ta a hankali, "na ɗauka Malam ne ya dawo. Har na fara neman ɗankwalina." Mahaifinmu take nufi, wanda ya shekara ashirin a ƙasa. "Zufarki ma irin tasa ce yanzu. Ba mura ba ce, Auta. Me kike sha?"

Na faɗa mata. Ban tsara ba, ban yi ado ba, na faɗi komai da muryata ta gaskiya, ƙasa-ƙasa, idona a kan labule. Na faɗi kwana biyun da na ƙi cin abinci, ta ce ta tuna. Na faɗi allurar. Ta yi ta jan istigfari, hannunta bai bar haɓata ba.

"Ana komawa?"

"Muryar ba ta komawa, Inna."

"In da ana komawa fa?"

Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so. Mace ce a bakin kabari. Na ce, "Ba zan koma ba."

Ta janye hannunta, ta juya fuska ga bango. Ni dai ina durƙushe ina jiran ta ɗaga murya ta kira Yaya, ko ta ce ba ta yafe mini nononta ba.

"Ban san abin da zan ce wa Allah a kanki ba," ta ce daga ƙarshe. "Ban sani ba ko saɓo ne, ko jarrabawa ce Ya ɗora miki. Ni ba malama ba ce. Ban ma sani ba ko wankanki ya halatta a kaina." Ta numfasa. "Amma na san Gwaggonku, na kuma san wancan." Ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. "Sauke abin fuskarki, ki kira mini su."

Na ce, "Inna, don Allah."

"Na ce ki kira su."

Na sauke niƙabin, na je na kira su. Suka shigo, Yaya ya zauna a bakin ƙofa, Gwaggo a gefen gado. Ni na raɓe a bango, na riga na sallama, har ina lissafin taku nawa ne daga nan zuwa zaure.

Inna ta ce su zama shaida, ta canza wasiyya. Ta ce Gwaggo ce za ta wanke ta, matar Yaya ta zuba ruwa, Auta kuwa ko ƙofar ɗakin kada ta taka. Ta ce yarinyar ba ta da ƙarfin zuciya, tun tana ƙarama ko kaza aka yanka sai ta yi amai. Ƙarya ce tsagwaronta, ni ke riƙe wa Yaya kaza in zai yanka, kuma duk sun sani. Amma wa zai ƙaryata mara lafiya? Sannan ta juya wajen da take jin numfashin Gwaggo ta ce, "Hajiya, maganar da kike yawo da ita ta iso kunnena. Na duba ta da hannuna, babu komai a cikinta. Duk wanda ya sake tayar da zancen, ko ina raye ko ba na raye, ban yafe ba."

Gwaggo ta yi ta rantse-rantse ita ba ta ce komai ba. Amma fuskarta ta washe, don an mayar mata da aikinta da ta daɗe tana jin haushin an hana ta.

Da suka fita na faɗa kan ƙafafun Inna. Na ce ai Gwaggo za ta gani, za ta ga farin, kafin sadakar uku gari ya ɗauka. Na ce shekara arba'in kina ɓoyewa. Ta ce, "Ni a lokacin ina ina? Ke ce za ki rage a hannunsu." Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta sa mini albarka a kan abin da na zama ba, ba ta kuma tsine ba. Har ta rasu Auta take kirana.

Ranar wata Talata ta cika, da hantsi. Aka shiga da ruwa da magarya, aka ja ƙyaure. Na zauna a gindin turmi a tsakar gida, cikin mata masu kuka, ni kuwa ko kukan ba ni da halin yi da sauti. Ina jin zubar ruwan, ina bin sa a zuciyata. Yanzu alwala, yanzu dama, yanzu hagu. Can sai ruwan ya tsaya. Ya daɗe a tsaye fiye da yadda wanka ke buƙata. Sai na ji Gwaggo ta ce, "Inna lillahi," ƙasa-ƙasa, ba irin ta rashi ba. Na cusa gefen hijabina a baki na cije.

Bayan azahar maza suka shigo ɗaukar makara, aka ce mata su kauce. Ƙofar zaurenmu a karkace take, kamar ta yawancin tsofaffin gidaje, don kada na waje ya hango tsakar gida. Da suka zo kwanar, makarar ta karkata, mutumin baya na hagu ya rasa wurin tsayawa ya saki. Ni ne mafi kusa. Ban yi shawara da kowa ba, na sa kafaɗa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Taku ɗaya, biyu, uku, har muka fita kwanar, sai wani dattijo ya daka mini tsawa, "Ke! Koma ciki, wannan ba aikinku ba ne." Na saki na koma. Iyakar rakiyar da na yi wa uwata ke nan.

Ranar sadakar uku tsakar gida ta cika da mata, ana raba gumba da waina. Gwaggo ta zauna a tsakiya, ta yi doguwar ajiyar zuciya, ta girgiza kai. Ba a jima ba na ji wasu mata biyu a bayana, maƙwabtanmu, waɗanda Inna ta sha ba su gishiri da wuta.

"Ashe marigayiya da abin nan ta rayu?"

"Ke dai bari. An ce har cinya. Mu da muke cin tuwonta!"

"Shi ya sa 'yar ma ta rufe jiki ruf. Ƙila ta gada."

Amsa ta taso mini har maƙogwaro, irin wadda za ta sa su bar gidan ba takalmi, na san kuma da wace murya za ta fito in na bari ta fito. Taku biyar ne tsakanina da zaure, inda Yaya ke zaune da abokansa suna karɓar gaisuwa. Na tuna hannun Inna a haɓata. Ɗayarsu ta taɓa kafaɗata ta ce, "Auta, ya haƙuri?" Na sunkuyar da kai, na gyaɗa, na miƙa mata kwanon gumba ta ɗiba.

Washegari na hau motar Kano, a kujerar mata. Shekaru sun shuɗe, gemuna ya cika, har ya fara furfura a gefe kamar na mahaifinmu, kuma ban sake taka Daura ba. An ce har yanzu in za a kwatanta gidanmu a unguwa, gidan mai farin nan ake cewa. Wankan kuwa ban manta ko gaɓa ɗaya ba, har yanzu zan iya yin sa ido rufe, sai dai filo kaɗai na taɓa yi wa.